Wa ke bin wa? Wasan zomo da mage da kare a gida ɗaya

Da almuru, lokacin da zomo ya fi kuzari, za ka gan shi ya taso a guje daga bayan kujera, ya dunguri mage da hanci a haƙarƙari, ya juya ya zabura, ya daka tsalle ya murɗa ƙugunsa a sama yana kaɗa kai, ya dire, sannan ya tsaya can nesa yana leƙen ko za ta biyo shi. Magen ta ɗaga ƙafa ɗaya, farata a ciki, ta ɗan mari iska, ta ci gaba da lasar jikinta. Wannan wasa ne. Ga wani kuma: kare ya kwanta rub da ciki, baki a rufe, ido ƙyam a kan zomo, shi kuwa zomon ya lafe a ƙasa ko motsi ba ya yi, kunnuwa manne da baya. Mai kallo sai ya ce, kai, dubi yadda suka saba. Ba sabo ba ne. Ɗaya yana auna lokacin kai cafka, ɗayan kuma tsoro ne ya daskarar da shi.

Tushen maganar shi ne zomo abin farauta ne, kare da mage kuwa mafarauta. Duk zomayen da ake kiwo a gida jikokin zomon daji na Turai ne, wanda asalinsa yankin Sifen da Fotugal ne, kuma zaman gida bai canja masa ƙira ba. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan ko'ina har abin da ke tahowa ta sama, sai ɗan wurin da ke daidai gaban hancinsa ne ba ya gani. Wasansa gwajin tsira ne: gudu, karya kwana, tsalle, shigewa rami, tono. Wasan kare da mage kuma gwajin farauta ne: sanɗa, bi, cafka, girgizawa. Wasannin biyu sun dace da juna tsaf, kuma wannan dacewar ita ce haɗarin. Gudun da zomo ke yi don jin daɗi shi ne ainihin abin da ke tayar wa kare da sha'awar kamu.

Abin da jikin zomo ke faɗa

Zomo ba mai yawan sauti ba ne, don haka da jiki ake karanta shi. Idan yana cikin nishaɗi zai yi tsallen nan mai murɗa jiki, ya zagaye ɗaki da gudu, ya ɗauki ƙaramin abu da haƙora ya wurgar, ya goga haɓarsa a ƙafar kujera ko ma a jikin magen, domin a ƙarƙashin haɓar akwai wurin da ke fitar da ƙanshin da yake sa wa abin da ya ɗauka nasa ne. Idan ya gaji sai ya yanke jiki ya faɗi a gefe guda tamkar an harbe shi, ƙafafu a miƙe. Zomon da ya yi wannan kwanciyar a gaban wata dabba ya yarda da ita, domin daga nan tashi a guje yana da wuya. Haka ma cin abinci da gyaran fuska da ƙafafun gaba, zomon da ke cikin tsoro ba ya yin su.

Na tsoro kuma su ne lafewa a ƙasa, zaro ido har a ga farin, hanci yana motsi da sauri ko ya tsaya cak, da buga ƙafar baya a ƙasa, dum, wanda a daji gargaɗi ne ga sauran zomaye cewa akwai maƙiyi. Idan ya yi gurnani, ya kwantar da kunnuwa, ya ɗaga wutsiya, ya kai sura da ƙafafun gaba, to faɗa yake nufi. Ihu kuwa zomo ba ya yin sa sai ya ga mutuwa ido da ido.

Wurin da ake samun kuskuren fahimta tsakaninsu shi ne alama ɗaya tana da ma'ana biyu. Mage idan ta taho da wutsiya a tsaye, gaisuwa ce. Zomo idan ya ɗaga tasa, shirin kai hari ne. Zomo yakan zo ya cusa kansa ƙarƙashin haɓar mage ya kwantar, mutane su ce ladabi yake yi, alhali umarni yake ba ta ta lashe shi, domin a tsakanin zomaye babba ne ake yi wa lasa. In ta ƙi, yana iya ɗan gatsa mata cizo a gefe. Ita ma mage idan ta yi rigingine ta nuna ciki, ba hutu ba ne kawai: duk abin da ya matso za ta rungume da ƙafafun gaba ta shiga shuri da na baya, farata a waje. Tsakanin maguna biyu wannan kokawa ce ta wasa. Fatar zomo kuwa siririya ce, tana yagewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Saboda haka kafin ka kira abu wasa, duba abu uku. Wa ya fara? Wa ke bin wa? Idan an rabu, zomon ya dawo da kansa? In zomo ne ke tsokana, shi ke zuwa ya koma, kuma bayan minti ɗaya ko biyu ya sake dawowa ko ya zauna yana cin ciyawa a fili, wasa ne. In kullum shi ake bi, ya shige maɓoya ya ƙi fitowa, to farauta ce da ba ta kai ƙarshe ba. A ganina bin zomo da gudu, ko da wutsiyar kare tana kaɗawa, abu ne da ake hanawa tun ranar farko, ba a jiran a ga yadda zai ƙare.

Mage

Da mage abin ya fi sauƙi, kuma girman jiki ne ke yanke hukunci. Babbar mage tana kai kilo 3 da rabi zuwa 5. Zomo irin farin nan na Niyu Zilan yana kai kilo 4 zuwa 5, ƙaton nan na Filandas, wani yanki a ƙasar Beljiyam, yana wuce 6, amma ɗan ƙaramin nan na Holan da ƙyar yake wuce kilo 1. Mage ba ta cika ɗaukar zomon da ya kai girmanta a matsayin nama ba, sau da yawa ma shi ke korar ta daga inda take kwance. Amma wanda bai fi ɓera babba ba, ko ɗan zomon da bai girma ba, a idonta abinci ne, kuma ba a haɗa su ko na ɗan lokaci.

Ka lura da ita sosai: idan ta duƙa ta manne da ƙasa, baƙin idonta ya buɗe, ƙarshen wutsiya yana rawa, ta shiga karkaɗa ƙugu, to saura daƙiƙa biyu ta dira. Tafa hannu ko jefa mata abin wasa gefe, ka karkatar da ita. Wadda ke lumshe ido a hankali, ta juya wa zomon baya, ko ta yi hamma ta kwanta, ba ta da niyyar komai. 'Yar kyanwa mai wata 2 zuwa 6 ta fi babba haɗari ta wani gefen, domin ba ta gama koyon wasa ba tare da fitar da farata ba, ga shi duk abin da ya motsa sai ta dira masa, kuma idon zomo a waje yake, yaƙushi ɗaya ya isa ya ji masa ciwo a ƙwayar ido. Rage mata tsinin farata duk bayan mako 2 zuwa 3, kuma a gajiyar da ita da wasan igiya na minti 10 zuwa 15 kafin a sako zomo.

Ita ma tana da haƙƙi. A tanadar mata wuri mai tudu, sama da mita 1, inda za ta haye idan zomon ya matsa mata.

Kare

A nan ne ya kamata a daɗe. Farautar kare tana da matakai a jere: ya hango, ya kafa ido, ya yi sanɗa, ya bi, ya cafka, ya girgiza. Daga bi zuwa girgiza ba ya ɗaukar ƙiftawar ido, kuma babu mai saurin da zai shiga tsakani. Ƙashin zomo kashi 7 zuwa 8 ne kacal cikin 100 na nauyin jikinsa, na mage kuwa 12 zuwa 13, ga shi naman cinyoyinsa yana da ƙarfi ƙwarai. Don haka ba sai an cije shi ba: tafin ƙafar kare a gadon baya, ko shurin da shi kansa zomon zai yi yana neman kuɓuta, ya isa ya karya ƙashin baya daidai ƙugu, ƙafafun baya su shanye. Akwai kuma zomon da firgita kaɗai ke kashewa ba tare da ko ƙwarzane ba.

Irin kare yana da tasiri. Masu dogayen ƙafafu da siririn ciki, irin su Saluki da Azawak, an ƙirƙire su ne don su bi abin da ke gudu da ido. Bigul an raine shi ne don bin sawun zomo da hanci, ƙananan karnukan Teriya kuma don shiga rami su kashe abin da ke ciki. Ana samun ɗaiɗaiku masu sanyin hali a cikinsu, amma hali zanen dutse ne, kuma ba da ran zomo ake gwada sa'a ba. Ko wane iri ne, akwai gwaji mai sauƙi: idan kare yana kallon zomo ta bayan raga ka kira sunansa, ya waiwayo? Ka miƙa masa abin da ya fi so, ya karɓa? Wanda bai ji kira ba, ya ƙi abinci, jikinsa yana ɓari, yana kukan ƙasa-ƙasa ko dalalar da yawu, wannan bai shirya ba, wataƙila ma ba zai taɓa shiryawa ba. Wanda ake so shi ne mai sakakken jiki, baki a ɗan buɗe, ya kalla ya kau da kai.

Har gayyatar wasa ta gaskiya, wato kare ya duƙar da ƙirji ƙasa ya ɗaga gindi sama yana haushi, zomo ba ya fahimtar ta. Abin da ke biyo bayanta a wurin karnuka shi ne kokawa da cizon wasa, kuma zomo ba shi da jikin ɗaukar ko ɗaya. Wasan da ya halatta tsakaninsu, in ma za a kira shi wasa, shi ne kare yana kwance, zomo yana zagaya shi, yana shinshina, wani lokaci ya haye bayansa ya dire.

Yadda ake haɗa su

A fara da ware wa zomo ɗakinsa, ƙofa a rufe, na mako 1 zuwa 2, har ya san lungunansa, cinsa da kashinsa su daidaita. A wannan lokacin ake musayar ƙanshi: a goga tsumma a jikin zomo a ajiye kusa da makwancin kare ko mage, a goga wani a jikinsu a kai wurin zomo, kullum a sabunta. Kare da ya kama tsumman ya shiga yaga da girgizawa ya riga ya ba ka amsa.

Sai ganin juna ta bayan shinge. Ragar ta zama mai ƙananan ido, kamar santimita 1 da rabi, yadda ƙafar mage ba za ta shiga ba. Tsayinta kada ya gaza santimita 90, kuma in mage ce a rufe saman. A fitar da kare ya yi gudu ya gaji, a ba shi abinci, sannan a shigo da shi da igiya a wuya, a kwantar da shi kamar mita 3 daga shingen. Minti 5 ya isa, sau biyu a rana. Duk lokacin da ya kau da ido daga zomon ya dube ka, ka yaba masa ka ba shi ɗan abu. Abin da kake koya masa ke nan: ƙyale zomo shi ke kawo lada. Ana rage tazarar kaɗan-kaɗan, kuma sai an yi kwanaki a jere zomo yana cin abinci a gabansa kafin a matsa gaba.

Mataki na gaba, a buɗe wa zomo shinge, kare yana kwance da igiya a hannun babban mutum. Zomo ne sake, kare ne ɗaure, ba a taɓa juya wannan tsarin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki zomo a hannu a miƙa shi ga hancin kare wai su gaisa. An hana shi gudu, zai yi shuri ya ji wa kansa ciwo, shi kuma kare ya saba duk abin da aka miƙo masa da hannu nasa ne. Haka nan kwantar da zomo rigingine don ya yi shiru: wannan shirun suman tsoro ne, ba natsuwa ba. Idan akwai shakka a sa wa kare takunkumi irin mai kama da kwando, wanda zai iya haki a cikinsa, amma a tuna takunkumi ba ya hana duka da ƙafa. Wannan matakin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma gaggawa ba ta rage ko kwana ɗaya.

Filin kansa yana buƙatar shiri. Tafin ƙafar zomo gashi ne zalla, ba shi da tsokar nan mai kama ƙasa irin ta kare da mage, don haka a kan tayil ko siminti mai santsi zamewa yake yi, kuma a wurin zamewar ne ƙugu ke gocewa. A shimfiɗa darduma ko tabarmar roba. A ajiye maɓoya aƙalla biyu, kwali ma ya isa, kowace da ƙofa biyu masu faɗin kamar santimita 15 ga matsakaicin zomo. Mai ƙofa ɗaya tarko ce, mage za ta zauna a bakinta ta tsare. A kwashe kayan wasan kare masu gashi da masu ƙara idan an matsa, don kukansu kukan abin da aka kama ne. In zafi ya kai digiri 28 zuwa 30 a bar zancen guje-guje gaba ɗaya, domin zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake fitar da zafi.

Wani abin da ake ɗauka wasa ne alhali ba shi ba ne: namijin zomo ya riƙa zagaya mage yana ɗan gunji, ya haye ta, ya fesa mata fitsari. Sha'awa ce, kuma ƙarshenta mari a ido. Fiɗiya daga wajen wata 4, da cire wa mace mahaifa tsakanin wata 4 zuwa 6, suna rage wannan da yawan faɗa, amma sai an jira mako 4 zuwa 6 bayan aikin kafin halin ya sauka.

Haɗarin da ba ya cizo

Maganin ƙuma da kaska mai ɗauke da fipronil, kamar Frontline, yana kashe zomo. Ba a ɗiga masa, kuma idan an ɗiga wa kare ko mage a raba su na kwana 2, saboda zomon da ya saba lasar abokinsa zai lashe maganin. Ita kuwa ƙumar mage tana hawa zomo, haka ma makero yana ratsa su duka har da mutane, don haka magani sai likitan dabbobi ya zaɓa wa kowa nasa. Abincin kare da na mage a ɗaga shi sama, cikinsa nama ne da kitse, hanjin zomo kuwa na ciyawa ne, ga shi ba ya iya amai. Yashin bayan gidan mage irin mai dunƙulewa idan ya jiƙa, in zomo ya ci, dunƙulewa zai yi a cikinsa ya toshe. Kare kuma yana son kashin zomo kamar me. Kashin bai cika cutar da karen ba, amma yana sa shi bin gindin zomon, alhali zomo yana da wani kashi mai laushi da yake ci kai tsaye daga jikinsa, yawanci da dare ko da asuba, kuma lafiyarsa na buƙatarsa.

Sauran dabbobi a taƙaice. Ɓeran Masar ana yawan haɗa shi da zomo saboda kamar sun dace, amma shuri ɗaya na zomo yana karya shi, zomo yana iya zama ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Bodetela ba tare da alamar ciwo ba ta zama ciwon huhu ga ɓeran, kuma shi yana buƙatar bitamin C a abinci, zomo ba ya buƙata. Kaji suna saran ido, kuma wasu magungunan da ake gaurayawa a abincinsu guba ne ga zomo. Duk cikinsu ma babu wanda ke maye wa zomo gurbin ɗan'uwansa zomo, wanda zai lashe masa kunne ya kwana jingine da shi.

Idan abin ya faru

Ko shekara nawa suka yi tare, ba a barin su su kaɗai. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. In za a fita ko za a kwanta, a sa shamaki biyu tsakaninsu, shinge da rufaffiyar ƙofa, domin akwai karnuka da magunan da suka iya danna mariƙin ƙofa.

In an yi cafka ko yaƙushi, a sa zomon kan tawul a wuri mai haske, a riƙa hura gashin ana duba fata, musamman wuya, gadon baya da cinyoyi. Haƙorin mage kamar allura yake, ramin yana rufewa nan da nan ya bar ƙwayar cutar da ake kira Fasturela a ciki, kuma mugunyar zomo kauri gare ta kamar man goge haƙora, ba ta tsiyayewa, sau da yawa sai an yi aiki an cire ƙurjin ɗungurungum. Don haka ko ɗigon jini ɗaya aka gani, a kai shi wurin likita a ranar. Kada a ba shi ragowar maganin kare ko na mutane: amoksisilin da danginsa, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, zawo ya kashe shi. Kada a yi masa wanka. Kunnuwa masu sanyi, dasashi fari, ko numfashi ta baki alamun gaggawa ne. In yana jan ƙafafun baya, a sa shi a ƙaramin kwali a tokare gefensa da tawul yadda ba zai juya ba, a tafi da shi haka.

Ko babu rauni, a sa ido a kan cinsa da kashinsa. Lafiyayyen zomo yana zubar da ƙwaya 200 zuwa 300 a rana. Bayan firgita hanjinsa na iya tsayawa, kashin ya ƙanƙance ko ya ɗauke. Awa 12 ba ci ba kashi, wannan ma na likita ne. In bi kawai aka yi ba a kama ba, a koma matakin shinge a sake farawa daga mita 3. Karen da ya taɓa ɗaukar zomo a baki ya girgiza kuwa, ba a sake haɗa su a fili ɗaya.